Rigar sallar maraya: wa ya kamata a gode wa?

Ranar salla da safe, duk wanda ya tsaya bakin hanya a Gaffati zai ga yara sun fito rukuni-rukuni. Maza da sababbin riguna, karin guga bai ko kwanta ba. Ƴan mata da atamfa mai ƙamshin kanti, ga lalle a hannu. Suna bin gida-gida suna barka da salla, ana ba su dala-dala da alewa. Waɗanda iyayensu suka yarda kuma sai su nemi mota ko amalanke, su nufi Damagaram kallon hawan Sarki, tun da birnin ba nisa. Baƙo zai ce yaran garin duka sun fito. Amma wanda ya san garin sosai ya san akwai waɗanda ba su fito ba, kuma ya san gidajensu.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje akwai wani yaro ɗan shekara tara. Ɗan fari ne, uwarsa ba ta faɗin sunansa, jarida ma ba za ta faɗa ba. Ubansa ya rasu da kaka, bayan an gama yankan hatsi. Ya bar gona ɗaya, da akuya biyu, da yara uku. Sallar da ta biyo baya, yaron nan bai taka ƙofar gida ba. Ya zauna bayan rumbu tun safe har la'asar. Da abokansa suka zo kiransa, sai ya ce cikinsa ke ciwo. Uwar ta san ba ciwon ciki ba ne. Rigarsa ɗaya ce, ta yage a kafaɗa, an ɗinke ta sau biyu da zaren da bai yi kala da ita ba. Ita ya sa da azumi, ita ya sa a gona, ita yake shimfiɗawa ya kwanta.

Uwar ta ce masa: «Tashi ka bi ƴan'uwanka mana.»

Ya ce: «Inna, bar ni. Gobe na fita.»

Babba zai iya cewa wannan ƙaramin abu ne, tun da yaron ya ci tuwo ya ƙoshi. Amma babba ya manta da ƙuruciya. Yunwa ana yin ta cikin ɗaki, ba wanda ya gani. Rashin tufa kuwa a fili ake yin sa, gaban kowa.

Kuma ba maganar kunya kaɗai ba ce. Duk manomi da makiyayi sun san sanyin hunturu a ƙasar Damagaram. Watan Disamba da Janairu, iska na tasowa daga gabas da arewa da ƙura, da asuba hannu ba ya riƙe igiyar guga. Yaron da ba shi da rigar kirki, shi ne mai tari da majina duk tsawon ɗari, wani har ya kai ga ciwon haƙarƙari. Shi ne mai matsawa jikin wuta da dare, barci ya kwashe shi, tsumma ya kama. Ma'aikatan likita na karkara sun san lokacin da ake kawo musu yara da ƙuna, lokacin ɗari ne. Yaro mai riga ɗaya ba a wanke masa ita, don in an wanke sai ya zauna tsirara har ta bushe. Daga nan sai ƙwarƙwata da ƙazwa. Mushen lakwal ma ya sani: da sanyi ya kama, benci na baya kan zama wayam har rana ta ɗaga. In an bi sawu, sai a tarar ba ƙiwuya ba ce, rashin abin sawa ne.

Dattawa suna cewa da can kowa na tufatar da kansa. Akwai gaskiya a ciki. Ana noma kaɗa, mata na kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa fari da gwado, marina na rini da baba. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram mahaɗa ce ta ayarin Kano da na Tarabulus, tufa na cikin manyan kayan da ke wucewa ta Zango. Wani Bature mai suna Barth ya ga kasuwar Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa, kuma ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Sai dai kada a yi wa zamanin da ado fiye da kima. A lokacin nan ma ɗan talaka da bante yake yawo har ya yi wayo. Abin da ya canza shi ne, yanzu tufa duk ta koma ta saye. Masaƙa sun yi ƙaranci. Manyan masaƙun Kaduna, waɗanda aka fara kafawa a 1957, yawancinsu sun rufe. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ke zuwa daga waje suka tashi. Aka rufe iyakar Nijeriya a 2019, aka sake rufe ta a 2023, kowane karo sai da mai sayen yadi ya ji a aljihunsa. Yau matar da mijinta ya rasu, in tana son ɗinka wa yara uku, sai ta sayar da hatsin da za su ci, ko ta kai akuya kasuwar Mirya ranar Lahadi. In ba haka ba sai gwanjo. Gwanjo ba abin raini ba ne, ya rufa wa mutane da yawa asiri, da tsirara gara baƙin bante. Amma shi ma ba kyauta ake ba da shi ba.

To, akwai waɗanda suka ɗauki wannan al'amari suka mai da shi aikinsu, ba na rana ɗaya ba, na kowace shekara. Misali mafi kusa da ya kamata mai karatu ya sani yana Sakkwato, cikin Nijeriya. A can akwai Hukumar Zakka da Waƙafi. Da farko kwamiti ce, aka tsara ta a 2007 zamanin gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko. A 2016, zamanin gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka yi mata doka ta zama cikakkiyar hukuma. Malam Muhammad Lawal Maidoki, Sadaukin Sakkwato, ya yi shekaru da yawa yana jan ragamarta. Tana karɓar zakka da sadaka daga masu hali, gwamnatin jiha ma na zuba mata kuɗi. Waƙafi kuwa, wanda wasu ke kira hubusi, shi ne mutum ya tsayar da gona, ko gida, ko itacen marmari, ya ce ba a sayarwa ba a gado, amfaninsa na mabukata ne har abada.

Cikin ayyukan hukumar nan akwai tufatar da marayu. Kowane watan azumi sai ta sayi yadi mai yawa, shadda ta maza, atamfa ta mata, ta haɗa da abinci. Ba a cikin birnin Sakkwato kaɗai ake rabawa ba. Jihar na da gundumomi fiye da 80, kowace da uban ƙasarta, kuma ta hannun kwamitocin gundumomin nan kayan ke isa ƙauyuka. Ga wani abu da ya nuna masu aikin sun san talauci: ba yadi kawai suke bayarwa ba, suna haɗawa da kuɗin ɗinki. Mai karatu ya tsaya nan ya yi tunani. In aka ba gwauruwa yadi uku babu kuɗin tela, me aka ba ta? An ba ta abin da za ta ajiye ƙarƙashin tabarma tana kallo, ko ta sayar da shi rabin kuɗi ta sayi gero. Yaro dai ba zai sa yadi ya tafi idi ba. Wanda ya fara tunanin haɗa kuɗin ɗinki, ko wane ne shi, ya taɓa shiga gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Jihar Zamfara ma tana da irin wannan hukuma, ta sha raba wa dubban marayu kayan salla. Ban da na gwamnati, akwai na masallatai. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana da kwamitocin marayu a garuruwa da yawa. Lokacin tafsirin azumi ake tara gudummawa, wani ya ba da kuɗi, wani turmin atamfa, wani buhun shinkafa, wani tela ya miƙe ya ce shi zai ɗinka kaza kyauta. Mutanen ɗariƙu ma na yin nasu a zawiyoyi da unguwanni. A wannan wuri dai ba a jin gardama, kowa ya yarda maraya na son riga.

A Nijar, wadda aka fi gani ranar wahala ita ce ƙungiyar agaji ta Kurwa-Ruj. Asalinta daga Jeneba ne, ƙasar Suwis, a 1863, bayan wani mutum mai suna Henry Dunant ya ga yadda aka bar masu rauni a filin yaƙi babu mai duba su. Ta Nijar an kafa ta a 1963, shekara ɗari daidai bayan uwar, kuma tana da reshe a Damagaram. Yawancin masu yi mata aiki ƴan sa kai ne, samari da ƴan mata na unguwa. In gobara ta tashi, ko ruwa ya ci gari, su ne ake gani da barguna da tabarmi da gidan sauro. Daminar 2024 ba za a manta da ita ba. Ruwa ya rushe gidaje ba iyaka, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi a farkon watan Satumba. Mutanen da ambaliyar ta shafa a faɗin ƙasa sun wuce miliyan ɗaya, aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Gidan ƙasa in ya faɗi, ba hatsi kaɗai yake binnewa ba, har da akwatin tufafi. Yara da yawa sun fito da abin da ke jikinsu kawai, ga ɗari na tafe bayan wata uku.

Duk waɗannan sun cancanci yabo, kuma yaba kyauta tukwici. Amma a nan ne maganar take. Yaya ake yabon, kuma wa yake samu?

Ƙasar Hausa da tufa take girmama mutum. Tun zamanin sarakunan da, in bawan Allah ya yi abin kirki, sai a kira shi fada a sa masa riga, a naɗa masa rawani, wani har da alkyabba. Har gobe haka ake yi a Damagaram da Katsina da Sakkwato. Al'ada ce mai kyau. Sai dai rigar yabo ta fi son kafaɗar da ta riga ta saba da riga. Ranar rabon kaya, ana shimfiɗa tabarmi, a jera kujeru, manya su zauna a inuwa. A yi jawabi, a ambaci sunan mai kuɗin da ya bayar, a tafa. Ba laifi, ya bayar, Allah ya saka masa. Amma kafin yadin nan ya zama riga a jikin yaro, ya bi ta hannuwa da yawa, kuma ba a cika jin sunansu a lasifika ba.

Akwai mai unguwa da ya bi gida-gida yana tambaya a hankali, don ba kowace uwa ke yarda ta ce ba ta da shi ba. Akwai tsohuwar da ta raɗa masa cewa gidan can na ƙarshe, kada ya ga sun yi shiru, sun fi kowa bukata. Akwai saurayin da ya iya rubutu, ya riƙe littafi ya rubuta yaro kaza, shekara kaza, namiji ko mace. Akwai mai amalanken da ya ɗauko kaya daga bakin kwalta bai karɓi ko dala ba. Sannan akwai tela.

A koma Gaffati, wurin yaron nan na bayan rumbu. Shekarar da ta biyo, ba wata hukuma ce ta zo daga nesa ba. Matan unguwarsu ne. Suna da asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara da matan karkarar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu Nijar duka har ya ƙetare zuwa wasu ƙasashe. Kowane mako suna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa cikin akwati mai kwaɗo, kuma ban da kuɗin rance akwai ɗan abin da suke warewa don ranar ciwo ko rasuwa. Da azumi ya kama, ɗaya daga cikinsu, wadda ke zuwa karatun manya da dare, ta kawo magana. Ta ce bara ta ga yaron wance bai fita ba, ita kuwa abin bai bar ranta ba. Aka yi ta ja. Wata ta ce kuɗin na ciwo ne, ba na kwalliya ba. Wata ta ce in an yi wa ɗaya, sauran fa? Daga ƙarshe suka ƙidaya yaran unguwa da ba su da uba, da waɗanda uban yana nan amma kwance yake. Wadda ta iya rubutu ta rubuta. Aka aiki mutum biyu kasuwar Dole suka sayo yadi. Turmin atamfa yadi 6 ne, in tela ya iya yanka, ya ishi ƙananan ƴan mata biyu har a sami ɗan kallabi.

Telan unguwar dattijo ne, kekensa na ƙafa ne, a ƙarƙashin dogon yaro yake aiki. Duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe na azumi ita ce kakarsa. Abin da zai samu cikin kwanakin nan shi zai riƙe shi wata da watanni. Kaya sun taru masa har ba wurin zama, masu kaya na zuwa suna yi masa faɗa. Da matan suka zo, shugabarsu ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce:

«Baba, mun zo da nauyi. Na marayu ne. Abin da ke hannunmu bai kai kuɗin ɗinkinka ba.»

Ya duba yadin, ya duba tulin da ke gabansa, ya ce: «Ku bar kuɗin ku saya musu takalma. Amma ku turo mini su ɗaya-ɗaya da dare, kada ku haɗo su.»

Suka tambaye shi dalili. Ya ce in aka jero su da rana a gaban keke, kafin la'asar duk gari ya san rigar sadaka ce, ranar salla kuma yara za su nuna su da baki. Ya ce shi ma maraya ya tashi, shekarar yunwar 1974, an taɓa tsayar da su layi a ba su riguna. Tasa ta kai masa har ƙasa, ta babba ce. Ya ce bai manta daɗin rigar ba, bai kuma manta dariyar da aka yi masa ba.

Haka aka yi. Yaron ya zo bayan sallar asham, uwarsa na tsaye daga nesa. Tela ya gwada shi da igiyar awo kamar yadda yake gwada ɗan mai gari: kafaɗa, hannu, tsawo. Har ya tambaye shi ko yana son aljihu ɗaya ko biyu. Yaron ya yi shiru, don ba a taɓa tambayarsa irin wannan ba. Can ya ce biyu. Tela ya bar kalmasa mai faɗi a gindin rigar da ƙafar wando, yadda in yaro ya ƙara tsawo sai a warware. Dare huɗu yana wannan aiki da fitila, bayan ya gama na masu biya. Idonsa ya yi ja, ƙafarsa ta kumbura.

Ranar salla yaron ya riga kowa fita. Ba wanda ya ce masa komai a kan rigar, kuma abin da ake so ke nan.

Ba a yi taro ba, ba a ɗauki hoto ba. Tela bai sami takardar yabo ba, matan asusu ma haka. In da za a tambayi mutanen gari wa ya tufatar da marayu bana, da yawa za su ce ba su sani ba. Ta wani gefe hakan ya yi kyau, malamai sun ce sadakar ɓoye ta fi lada. Amma ta wani gefen akwai hasara. Aikin da ba a yaba ba, yakan mutu da mai shi. Samari ba su ga abin koyi ba. Mai hatsi cike da rumbu bai ji kunyar da za ta sa shi ma ya motsa ba. Abin da ya dace a ɓoye shi ne sunan yaron da aka ba. Sunan wanda ya yi wahalar ba dole ne a ɓoye shi ba. Sau da yawa kuwa juyin haka ake yi: a tsayar da maraya riƙe da leda a ɗauke shi hoto, fuskarsa ta yi ta yawo a wayoyin mutane, tela kuwa ko a ce masa sannu.

Dattawan da suka ga zamanin Samariya za su tuna. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, aka farfaɗo da Samariya a kowane gari. Samari na gina azuzuwan lakwal, suna shuka itace, suna noma gonar gayya. Tana da nata aibi, don hukuma ta yi amfani da ita wajen harkar mulki, kuma ta shuɗe da zamaninta. Amma ta san abu ɗaya: in mutum ya yi aikin gayya, sai a faɗi sunansa a dandali, makaɗi ya kama shi. Saurayi kan yini yana haƙa don wannan kaɗai. Babu abin da zai hana a yi wa tela da matan asusu haka. Liman na iya ambatonsu bayan huɗubar idi, ya sa a yi musu addu'a. Mai gari na iya aika musu da goro. Hukumar kwamin ta Gaffati na iya rubuta musu takarda mai hatimi. Ba ta cin ko jika ɗaya, amma mutum zai rataye ta a ɗakinsa har jikoki su gani. Wanda ya fi duka sauƙi: mai ɗinkin biya ya kai wa wannan tela kayansa, kada ya wuce shi ya tafi birni.

Akwai kuma gyara da masu wannan aiki, manya da ƙanana, ya kamata su duba. Kusan kowa salla yake jira. Salla kuwa tana tafiya da wata, kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. A 2024 ƙaramar salla ta faɗo cikin Afrilu, a 2025 ƙarshen Maris, wato bayan ɗari ya wuce, zafi ya kama. Yaro ya sami shadda mai sheƙi lokacin da ko ba riga zai iya kwana, sannan Disamba ta zo ta same shi ba rigar sanyi. Mai niyyar alheri ya raba niyyarsa biyu. Da kaka, sa'ad da hatsi ke hannu, gwanjon rigunan sanyi bai yi tsada ba tukuna, lokacin ne na saye.

Sai maganar waɗanda littafi ba ya kamawa. Mai unguwa ya san marayun unguwarsa. Amma ɗan makiyayi da ke rugga bayan gari, wanda bana yana nan baɗi yana arewa, a littafin wa yake? Waɗanda suka ga shekarar 1984, wadda ake kira El-Buhari, sun ga Fulani da Buzaye da dabbobinsu suka ƙare sun sauko gefen Damagaram da yara ba ko zane. Irin wannan na faruwa har yanzu a ƙaramin sikeli, duk shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci. Haka almajiri: ubansa na da rai, saboda haka ba a kiransa maraya, amma ya fi maraya kwana a sanyi. Ardo da malamin tsangaya ya kamata a tambaye su kamar yadda ake tambayar mai unguwa.

Kada wani ya ce wannan aikin masu kuɗin birni ne. Manomi ya san zakkar hatsinsa: ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka samu, matuƙar ya kai nisabi. Makiyayi ya san tasa: awaki ko tumaki 40, a fitar da ɗaya, shanu 30, a fitar da ɗan maraƙi, raƙuma 5, a fitar da akuya ko tunkiya. Damin da aka ba gwauruwa a kan lokaci, shi ke hana ta sayar da akuyarta don ɗinki. Har wanda ya yi rantsuwa ya karya, cikin abin da shari'a ta ba shi zaɓi akwai tufatar da miskinai goma. A tambayi liman, zai yi bayani. Sannan akwai akwatunan da ke cikin ɗakuna, cike da kayan da yara suka girme wa, asu na ci. In za a ba da irin wannan, a wanke shi, a ɗinke inda ya yage, a sa maɓalli. Abin da mutum ba zai sa wa ɗansa ba, kada ya kira shi sadaka.

Bana rigar yaron nan ta shiga shekara ta biyu. Uwarsa ta kai ta wurin tela, ya warware kalmasar, ta sake yi masa daidai. Ya ce baɗi sai a ba ƙanensa. Matan asusu sun sayi sabon littafi, don na farko ya cika, kuma wannan karo sun rubuta yara huɗu daga ruggar da ke bayan tabki. Shugabarsu ta je gidan mai gari tun kafin kaka ta ce a taimaka a faɗa wa masu hatsi. Shi kuwa yaron, in an tashi daga lakwal, yakan biya ta gindin dogon yaro. Tela ya fara ba shi almakashi yana yanke zare, wani lokaci ya bar shi ya sa wa keke mai.